Yadda za ka yi fim ɗin dokumentari na ƙashin kanka ba tare da yunwa ta kore ka daga sana'ar ba

Fim ɗin da ya fito da Sani Magori, mai dokumentari ɗan Nijar, duniya a 2008 kan albasa ne. Eh albasa dai, jar nan ta Galmi da ake loda wa manyan motoci zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma. Shi ɗan Galmi ne, kuma ilimin noma ya karanta kafin ya shiga fim, da ya ɗauki kamara bai tafi neman labari wata uwa duniya ba, gida ya koma. Wani magidanci ne 'yarsa ta yi shekara biyu tana jiran aure, dangin miji sun matsa, gari ya ɗauki gulma, sai ya ce to biki sai an cire albasa. Shi ke nan fim ya samu, daga nan hankalin mai kallo na kan abu ɗaya, albasar nan za ta yi kyau, za ta yi kuɗi, za a ɗaura auren ko za a sake ɗagawa? Ta cikin wannan jiran mutum ke gane wahalar noman rani da yadda kasuwa ke wasa da manomi, ba sai an kawo wani masani ya zauna gaban shelf ɗin littattafai yana ta bayani ba.

Na fara da shi ne saboda duk matashin da ya zo da maganar dokumentari, tambayarsa ta farko wace kamara zan saya. Kamara za mu zo kanta. Amma jarin mai fim mai zaman kansa, wanda ba gidan talabijin ke biyansa albashi ba, shi ne mutanen da za su yarda ya zauna a cikinsu har su manta da shi, kuma a wannan fannin kai ɗan gida ka fi duk wani baƙo da zai sauko daga jirgi da kayan miliyoyi.

Labarin da za ka ɗauka

"Ina so in yi fim kan almajirai", "kan shaye-shaye", "kan zawarawa". Wannan maudu'i ne kawai, ba labari ba tukuna. Labari sai akwai mutum ɗaya ko biyu da ke son wani abu, akwai abin da ya tare musu hanya, kuma akwai lokacin da za a san an samu ko ba a samu ba. Girbi, jarrabawa, ranar shari'a, saukar karatu, komawa gida bayan gudun hijira, wasan dambe na ƙarshen kaka. In ba ka iya faɗin fim ɗinka a jimla biyu wa abokinka a teburin mai shayi har ya ce "to sai me ya faru?" ba ka shirya ba, ci gaba da zama da mutanen.

Dubi wani fim ɗin Magori, Koukan Kourcia. Waƙoƙin wata zabiya ne suka riƙa zuga samari su tafi ci-rani bakin teku shekaru da dama da suka wuce, cikinsu har da mahaifinsa da ya zauna a Abijan, sai ya je ya roƙi zabiyar, ta riga ta tsufa, ta bi shi su je ta yi waƙar da za ta dawo da uban gida. Ci-rani maudu'i ne da kowa ya taɓa, amma wannan hanyar shi kaɗai ke da ita don ubansa ne.

Haka Aicha Macky 'yar Damagaram. Ilimin zamantakewa ta karanta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sannan ta je Jami'ar Gaston Berger a Saint-Louis ta Senegal ta yi digiri na biyu kan dokumentari, inda Magori ma ya bi. Fim ɗinta na 2016 kan rashin haihuwa ne, kuma ba ta tsaya bayan kamara tana nuna wasu mata da yatsa ba, da kanta ta fara, ita ma tana cikin matan da ake yi wa gorin haihuwa. Fim ɗin ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA a fannin dokumentari a shekarar. Sai a 2021 ta fito da Zinder, kan samarin unguwar Kara-Kara, unguwar da asali aka ware wa kutare, 'yan ƙungiyoyin nan da ake ce wa fale, masu ɗaga ƙarfe da fasa dutse da fasa-ƙwaurin fetur. A gari ɗaya aka haife su da ita amma rayuwa daban, kuma in ka kalli fim ɗin ka san ba aikin zuwan sati guda ba ne, mutum ba ya buɗe maka cikinsa haka don ka zo da takarda daga ofis.

Shiga wuri

Zuwan farko kar ka je da kamara. Na biyu ma. Je ka gaisa, ka sha shayi, ka yi sallah da su, ka ji wa ke da faɗa a ji. Kowane wuri na da ƙofarsa, unguwa mai unguwa, ƙauye dagaci wani lokaci har hakimi, kasuwa sarkin kasuwa ko shugaban 'yan layi, tasha 'yan kamasho da shugabannin ƙungiya, tsangaya alaramma, mahauta sarkin fawa. In ka tsallake babba ka fara da yaransa, ranar da aiki ya yi daɗi ranar za a aiko a ce ka tattara. Amma kuma ka lura, wanda ya shigar da kai shi ake ganinka da shi, in ɗan siyasar unguwa ne ya riƙo hannunka to rabin mutane sun rufe baki ke nan, saboda haka bayan ka gaida manya ka nemi hanyarka da kanka.

Faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka. Mutane za su ɗauka ko daga wata ƙungiyar agaji kake, za a fara rubuta sunaye, wani zai kawo maka takardar asibiti. Ka ce musu a fili, "Baba, ni ba tallafi na kawo ba, fim nake yi, kuma za a iya kallonsa a waya a ko'ina har garin nan." Wannan ta ƙarshen ita ce muhimmiya, don dattijuwar da ta ce "ba komai ɗana, ɗauka" wataƙila a zatonta can ƙasar Turawa za a kalla, ba ta san jikanta zai gani a TikTok an yanko minti ɗaya an sa wa wani take ba. Ka ɗauki amincewar mutum a kamara da Hausa, ya faɗi sunansa da cewa ya gane kuma ya yarda, sannan ka sa ya sa hannu ko ya dangwala a takarda, gidajen talabijin na waje ba sa sayen fim babu waɗannan takardun. Yaro kuwa sai da izinin iyaye ko wanda yake hannunsa.

'Yan'uwa mata, nan kun fi mu. Cikin gida, ɗakin mai jego, zaman amare, hirar tsakar gida bayan maza sun fita, namiji ba zai taɓa ɗaukar wannan yadda yake ba ko da an bar shi ya shiga. Rabin labaran ƙasar Hausa suna can ba a taɓa ba. In ke ce mai fim ɗin ki nemi mace ta riƙe miki sauti, ku biyu kun isa, kuma izinin maigida ki nema da wuri kar sai an yi nisa ya dawo daga tafiya ya ce a goge.

Maganar kuɗi za ta taso. Ra'ayina, kar ka sayi magana, wato kar ka ce ga dubu kaza ka ba ni labarinka, daga ranar za a fara ba ka labarin da ake jin kana so. Amma in ka hana ɗan garuwa aikin yini to biya shi yininsa, kuma ba a zuwa gidan mutane kullum hannu rabbana, goro, sukari, sabulu, abin da aka saba. In fim ya kawo kuɗi daga baya ka tuna da su.

Sai hukuma. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, ta tarayya kuma NFVCB, a Nijar akwai cibiyar fina-finai ta ƙasa a Yamai. Dokokinsu na canzawa, je ka tambaya da ƙafarka kafin ka fara. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike, filin jirgi, kar ka ko ɗaga waya. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa a Najeriya sai da izinin hukumar jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro, kuma gaskiya yawancin fina-finai ba sa ma buƙatarsa, kwalliya ce. Inda ake fama da 'yan bindiga ko rikici, ka tuna kai za ka koma gida, wanda ya yi magana a fim ɗinka shi zai ci gaba da kwana a wurin, in rufe fuska da sauya murya ne zai tsare shi to yi, in ma hakan bai isa ba bar maganar.

Kayan aiki

Wayar da ke ɗaukar bidiyo mai kyau ta isa fim na farko. Akwai manhajar Blackmagic Camera kyauta da ke ba ka damar saita komai da hannu. Sa hoto 25 a daƙiƙa, saurin shata, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske, ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, in ka bar shi a 30 ko 60 za ka ga fitilar ɗaki na ƙifta ido a hoton. Kulle haske da fokas kar waya ta riƙa canzawa da kanta tsakiyar magana. Rana tsaka a watan Afrilu waya za ta yi zafi ta kashe kanta, cire mata riga, yi mata inuwa, kuma dama hasken tsakar rana ba ya kyau a fuska, idanu ramuka suke zama, safiya da bayan la'asar su ne lokacinka.

In kana da kuɗin abu ɗaya tak, sayi makirfo. Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma sautin da ba a ji minti biyu sun wuce. Ƙaramin makirfon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, da gashin da ake sa masa don iska, musamman da hunturu, da abin saurare a kunne koyaushe, koyaushe fa, ba wai ka duba alamar tana motsi ka ce ai yana shiga ba. Hijabi da mayafi da babbar riga mai sitati suna gogar makirfo su yi ta ƙara, sai ka saurara za ka ji. Ƙasarmu akwai hayaniya, janareton maƙwabci, injin markaɗe, adaidaita, akuya, lasifikar mai maganin gargajiya. Roƙi a kashe abin da za a iya kashewa, ka sayi man janareton in ta kama, ka san lokutan kiran sallah don kar ka fara tambaya mai nauyi saura minti biyar. Rediyo ko waƙar da ke tashi a bayan fage a kashe, tana hana yanka magana a editin kuma tana iya jawo maka rigimar haƙƙin mallaka. Kafin ka tashi daga kowane wuri ka ce kowa ya yi shiru ka ɗauki sautin wurin na minti ɗaya, edita zai sa maka albarka.

Sauran kaya: ƙafar kamara ko da mai araha, fawa bank biyu, memori fiye da yadda kake zato. Bidiyon 4K mai nauyin megabit 100 a daƙiƙa yana cin wajen gigabait 45 a awa ɗaya, yi lissafi da kanka in za ka ɗauki awa hamsin. Ɗauka a 1080, wanda bai kai 4K nauyi ba, ba abin kunya ba ne.

Ranar ɗauka

Babbar cutar sabon shiga ita ce yawo da kamara, nan, can, zuƙowa, mayarwa. Tsaya. Duk abin da ka saita ka ƙirga goma a zuci kafin ka motsa. Ɗauki wurin daga nesa, ɗauki mutum rabin jiki, ɗauki hannuwa suna aiki, ɗauki fuskar wanda ke saurare ba mai magana kaɗai ba. Kuma kar ka kashe da wuri, sau da yawa maganar da za ta riƙe fim ɗin tana zuwa ne bayan mutum ya ɗauka an gama, ya gyara zama ya ce "ai ka san wani abu..."

Hira kuma akwai matsalar da ta shafe mu mu Hausawa musamman. Mun saba in babba na magana muna amsawa, na'am, haka ne, ƙwarai, Allah sarki, ikon Allah. A zaman duniya ladabi ne, a fim kuwa muryarka ce za ta hau kan kowace jimla ba yadda za a cire. Ka gaya wa mutumin tun farko, "Ranka ya daɗe, in ka ga na yi shiru ina gyaɗa kai ba raini ba ne, na'urar ce ba ta son murya biyu." Sai ka amsa da ido da kai. Kar ka yanke gaisuwa don sauri, a gaisa a tambayi iyali da gajiya, sannan a shiga. Tambayar da amsarta eh ko a'a ce ba ta da amfani, ce "ba ni labarin ranar da..." ka bar shi. In ya yi shiru kar ka cike masa, jira. Ka kuma san kunya, mace ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗan farinta ba, wani ba zai yi maganar kuɗi gaban surukinsa ba, matashi ba zai sake ba in mahaifinsa na zaune, wannan ba taurin kai ba ne, canza wuri ko lokaci kawai.

In ka ɗauko ma'aikaci daga masana'antar Kannywood, sun iya haske da saurin aiki, amma ja masa kunne, nan ba a cewa "a sake" ko "Hajiya ɗan yi kuka". Kana iya roƙon mutum ya jira ka saita kafin ya shigo ƙofa, wannan daban, amma ƙirƙiro abin da bai faru ba ka ce gaskiya ne, ranar da aka gano sunanka ya mutu.

Duk daren da ka dawo, kafin ka ci tuwo, kwafe komai zuwa faifan ajiya biyu daban, ɗaya ya kwana a wani gidan. Sa wa kowace jaka kwanan wata da wuri da sunan wanda aka ɗauka. Faifai na mutuwa ba sallama, wuta na kawowa da ƙarfi ta ƙona kaya, ana sace jaka a mota. Kar ka goge memori sai ka buɗe kwafin biyu ka gani da idonka.

Editin, inda ake rubuta fim ɗin

DaVinci Resolve na da sigar kyauta da ta isa a haɗa dogon fim, sai dai tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. CapCut ya yi don gajerun abubuwa. Kafin ka taɓa manhaja zauna ka kalli duk abin da ka ɗauka, ka rubuta maganganun a takarda da lokacin da aka faɗe su, aiki ne mai gundura, amma shi zai nuna maka fim ɗin da ka ɗauko, wanda sau da yawa ba shi ne wanda ka fita nema ba. In da hali kawo edita wanda bai je wurin ɗaukar ba, shi ba ruwansa da cewa ka sha rana kafin ka samu wani hoto, in bai yi aiki ba zai ce a cire. Tsayi kuma, gidajen talabijin na Turai sun saba da minti 52, na sinima 70 zuwa 90, fim na farko kuwa minti 10 zuwa 20 ya ishe ka koyon komai.

Kiɗa: kar ka ɗauko waƙar wani shahararren mawaƙi ka ɗora don kana sonta, ko ya rasu akwai magada. Nemi mai gurmi ko mai kuntigi ko mai sarewa na kusa da kai, ku yi yarjejeniya a rubuce, ka biya shi, ka sa sunansa. Kuma ba ko'ina ake son kiɗa ba. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru yana ɗaukar fim a Nijar har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya taɓa kai wa masuntan Ayorou fim ɗin da ya yi kan farautar dorina, ya kafa farin ƙyalle ya haska musu, sai suka ce ina ka taɓa jin kiɗa a farautar dorina? Ya cire kiɗan. Wannan ɗabi'ar ta mayar wa mutane fim ɗinsu su gani kafin duniya ta gani, ka riƙe ta. Ba wai su za su yi maka editin ba, amma za su kama kuren da kai ba za ka gani ba, kuma in akwai abin da zai jefa wani a matsala gara ka ji yanzu.

Fassarar ƙasan allo kar ka ba wa manhaja ka kwanta. Hausar Damagaram da ta Sakkwato da ta Gobir da ta Kano ba ɗaya ba ce, habaici da zambo da karin magana sai wanda ya san su. Layi biyu a allo, gajeru. Yi ta Turanci da ta Faransanci duka in za ka iya, kasuwa biyu ke nan.

Ina kuɗin yake

A nan mutane da yawa ke ajiye kamara. Dokumentari ɗaya na iya cin shekara biyu, uku, fiye, kuma ba ya ciyar da gida a wannan tsakanin. Kusan duk mai wannan sana'ar yana da wani abin da yake yi, ɗaukar biki da suna, tallan 'yan kasuwa, bidiyon ƙungiyoyin agaji, koyarwa, raka 'yan jaridar waje da yi musu tafinta. Ba abin kunya ba ne, da shi za ka sayi makirfo ka biya haya. Haɗarin kawai shi ne aikin ƙungiyoyi na da daɗin kuɗi, kuma yana koya wa hannu wani salo, mace ta yi murmushi ta gode wa mai tallafi, yara su ɗaga hannu, in ba ka yi hankali ba shekara biyar za ta wuce ba ka taɓa naka ba, in ka taɓa ma ya fito kamar nasu. Ware ranaku na fim ɗinka ka tsare su.

Tallafi akwai, amma gasa ce mai zafi. IDFA Bertha Fund na bikin Amsterdam, Hot Docs-Blue Ice na Toronto wanda na 'yan Afirka ne, asusun dokumentari na Sundance a Amurka, ga 'yan Kamaru da Chadi kuma akwai asusun ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Akwai wuraren horo da haɗuwa da furodusoshi irin su Durban FilmMart da Ouaga Film Lab, kuma Zinder ma ta cikin shirin Generation Africa na kamfanin STEPS na Afirka ta Kudu ya fito. Kusan duk abu ɗaya suke nema: labarin a jimla biyu, taƙaitawa a shafi ɗaya, bayanin me ya sa kai ne za ka yi shi kuma me ya sa yanzu, yadda fim ɗin zai kasance a ido da kunne, kasafin kuɗi, da ɗanɗano na 'yan mintuna daga abin da ka riga ka ɗauka. Ɗanɗanon nan ya fi duk rubutun, shi ke nuna an yarda da kai a wurin. A kasafi ka sa wa kanka albashi, masu karantawa sun san mutum na cin abinci. Za a ƙi ka sau da yawa, ka gyara ka sake turawa zagaye na gaba, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka tallafi ɗan damfara ne.

Yi rajistar ƙaramin kamfani, a Najeriya wurin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe masa asusun banki, don masu tallafi da yawa ba sa tura kuɗi asusun mutum. Aicha Macky na da nata, Tabous Production. Agnès Varda ta Faransa, wadda ta yi fim tun daga 1950 da wani abu har rasuwarta a 2019, ta kamfaninta Ciné-Tamaris ta riƙa aiki, shi ya sa ta yi abin da take so yadda take so. In furodusan waje ya shigo, alheri ne, yana buɗe ƙofofin da ba ka isa ba, amma karanta takarda kafin ka sa hannu, ko ka kai wa lauya. Wa ke da maganar ƙarshe a editin? Wa ya mallaki ɗanyen hotunan? Shekara nawa, a waɗanne ƙasashe? Ka riƙe wa kanka haƙƙin nunawa a ƙasarku ko ta halin ƙaƙa, kar ka wayi gari sai ka nemi izini daga Paris kafin ka haska fim a garin da aka ɗauke shi.

Fitar da shi

In kana son manyan bukukuwa kar ka fara sa shi a YouTube, yawancinsu na son su ne farkon nunawa. Zinder a Visions du Réel na Suwizalan ya fara fita. A nahiyarmu akwai FESPACO a Wagadugu tun 1969, duk shekara biyu, wanda Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar kyautarsa a 1972, akwai iREP a Legas na dokumentari zalla, Zuma a Abuja, KILAF a Kano na fina-finan harsunan gida. Ta shafin FilmFreeway ake tura yawancinsu, wasu da kuɗin shiga, rubuta musu ka roƙi a yafe maka, sau da yawa suna yi wa 'yan Afirka. Akwai kuma bukukuwan bogi da ke karɓar kuɗi su turo maka hoton tambarin kyauta, duba ko sun taɓa haska fim a zahiri gaban mutane.

Bayan zagayen bukukuwa sai talabijin, sai intanet. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai kana da mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara, kuma kallon da ke zuwa daga ƙasashenmu kuɗinsa kaɗan ne, kar ka gina gida a kansa. Amma nunawa a gida kam wajibi ne. Kakanninmu sun san majigi, motar da ke zuwa gari da dare a kafa allo a ƙofar fada a nuna fim ɗin noman auduga ko tsafta. Yanzu ƙaramar na'urar haskawa da lasifika da farin bango sun isa, makaranta, gidan kallon ƙwallo ranar da ba wasa, tsakar gidan mata, a kalla a yi muhawara.

Kar kuma ka tsare kanka a fim kaɗai. Hotunan da ka ɗauka, sautukan kasuwa, hirar da ba ta shiga ba, duk kayan aiki ne. Varda tana da shekara 75 ta shiga baje kolin fasaha na Venice a 2003 da wani aiki kan dankali, allo uku da tarin dankalin gaske a ƙasa, abin da ya samo asali daga fim ɗinta na 2000 kan masu kalar amfanin gona. Nan kusa akwai Dak'Art a Dakar, da taron masu hoto na Bamako tun 1994, da LagosPhoto, suna karɓar hoto da bidiyo, kuma wata ƙofar tallafi ce daban da ta fim.

Ɗanyen hotunan ka adana su ko bayan fim ya fita, duk bayan 'yan shekaru ka kwafe zuwa sabon faifai, tare da takardun amincewa da yarjejeniyar mawaƙi da rubutun hirarrakin, a jaka ɗaya. Gidan talabijin na iya zuwa bayan shekara biyar ya ce yana so, abin da zai fara tambaya takardun ne da kwafin da ba a manna masa fassara a jiki ba, da sautin magana daban na kiɗa daban, don haka ka sa edita ya fitar maka da su tun ranar da kuka gama, kafin ya goge aikin daga kwamfutarsa.